Jardan na ƙauye a Maraɗi: wa zai riƙe Madam bayan puroje ya tashi?

Idan aka buɗe lakwal, wato makarantar boko, a watan Oktoba, akwai ajin da baƙo ba ya buƙatar a nuna masa a ƙauyukanmu na jihar Maraɗi. Hayaniyarsa ce ke kai mutum. Yara ne ƴan shekara huɗu da biyar, har da waɗanda ba su daɗe da yaye ba, sun cika tabarma sun zubo ƙasa, wannan da guntun rake a hannu, waccan da ƙanenta a baya. A gabansu mace ɗaya tana tafi tana ba da waƙa, suna amshi. Wannan shi ne jardan na al'umma, ajin share fagen shiga firamare da ake cewa mutanen gari ke riƙe da shi, ko da yake galibi wata ƙungiyar agaji ce ta kawo shi, abin da kowa a nan ke kira puroje.

Ka dawo a watan Afrilu, rana na dukan ƙasa, rumbu ya fara nuna gindi. Sau da yawa za ka tarar tabarma ta yi wa yaran yawa. Ka sake dawowa bayan shekara uku ko huɗu, puroje ya kwashe motocinsa. Wani gari ajin yana nan da ransa. Wani garin kuwa sai allon ƙarfe mai tambarin masu tallafi a bakin hanya, da akwatin kayan wasa a kulle a ofishin daraktan lakwal. In ka tambayi mai gari abin da ya faru, amsar da ka fi ji ita ce: "Ai Madam ɗin ta tafi."

Rahoton puroje yakan jera abu uku, kowanne da gurbinsa: yara nawa aka rubuta, malamai nawa aka ɗauka, horon kwana nawa aka ba su. A takarda abu uku ne. A ƙauye igiya ɗaya ce, kuma bakinta yana hannun macen nan da ke tsaye gaban tabarma.

Kafin a zo kanta, ya kamata a tuna abin da ya sa aka koma ga al'umma tun farko. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta sa karatun share fage cikin ilimin tushe tare da firamare. Amma shekara da shekaru jardan bai fita daga birni ba, na ƴaƴan ma'aikata ne da ƴan kasuwa a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma ko a shekarun baya-bayan nan yaran Nijar da ke samunsa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Hankalin gwamnati yana kan firamare, inda yawan haihuwa ke tilasta buɗe sabbin azuzuwa kowace shekara. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi, ta biyu a yawan jama'a bayan Damagaram. Binciken lafiya na wannan shekarar ya nuna macen Nijar na haihuwar yara 7.6 a matsakaici, ta Maraɗi ma ta ɗara haka. Da irin wannan yawa, baitulmali ba zai iya ajiye ma'aikaciya mai cikakken albashi a kowane ƙauye daga Dakwaro zuwa Madarumfa ba, a yanzu dai.

Sai aka nemi hanya mai sauƙin kuɗi. Kwamitocin kula da makarantu da aka fi sani da COGES, waɗanda wani aikin haɗin gwiwa da Japan ya fara ƙarfafawa a jihar Tawa a 2004 kafin tsarin ya game ƙasa, sun nuna iyaye na iya tara kuɗi su kafa rumfa su sayi alli. Aka ce to, su buɗe jardan ma. Gari ya ba da fili da rumfa da malama, puroje ya kawo horo da kayan aiki, hukumar ilimi ta sa ido. UNICEF, mai ofis a nan Maraɗi, da wasu ƙungiyoyi sun tallafa wa wannan tsari. Ni kam ina goyon bayansa, saboda na san abin da ke jiran yaron ƙauye a aji ɗaya, wato CI. Bai taɓa riƙe alli ba, bai taɓa jin Faransanci ba, a zaunar da shi cikin cunkoso a ce ya karanta. Gwajin PASEC, wanda ake yi wa ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, a 2014 ya nuna yaran Nijar da suka kai matakin karatun da ake buƙata a ƙarshen firamare ba su cika ɗaya cikin goma ba. A 2019 sun kai kusan uku cikin goma. An ci gaba, amma sauran bakwai ɗin fa? Akasarinsu tun a CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, hanya ta ɓace musu, kuma wanda ya ɓata a nan da wuya ya dawo.

To wace ce Madam? A mafi yawan ƙauyuka ɗiyar gari ce, ko matar da aure ya kawo, wadda ta gama firamare ta taɓa kwaleji, wata ta kai aji uku ko huɗu ba ta samu takardar gama kwaleji, wato BEPC, ba. Mutanen puroje su ce animatiris, yara su ce Madam ko Tanti, tsofaffi su ce ɗiyar wane mai koya wa yara waƙa. Samun irinta ma aiki ne. A jihar da binciken 2012 ya nuna kusan mata tara cikin goma ana yi musu aure kafin shekara 18, ƴan matan da suka yi nisa a karatu suka kuma zauna a ƙauye ƙalilan ne. Wani gari mutum biyu kacal za a samu, ɗaya mijinta bai yarda ba. Wani garin kuma da an ji kalmar puroje sai a ɗauka akwai maiƙo, zaɓi ya faɗa kan ƴar ɗan'uwan shugaban kwamiti, ko tana da haƙurin yara ko babu. Nan ake fara yin kuskuren da horo ba ya gyarawa, domin aikin ƙananan yara hali ne kafin ya zama ilimi.

Abin da ake ba ta ba a ma kiransa albashi. Kuɗin sabulu ake cewa. Muddin puroje na nan yakan biya ko ya cika, in ya tashi sai a ce iyaye su ɗauka. Mu yi lissafi a fili. A ce aji na da yara 40, an yanka wa kowane uba dala hamsin, wato sefa 250, a wata. In kowa ya biya, jika goma ke nan, wato sefa dubu goma. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya daɗe a kan jika 30 da ƴan kai tun 2012, kafin a ɗaga shi zuwa jika 42 a 2024. Ke nan ko kowa ya biya, abin da zai shiga hannunta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na mafi ƙarancin albashi ba. Kuma ba kowa ke biya ba. A Nuwamba da Disamba, an girbe gero, an sayar da wake da gyaɗa da aya, kuɗi na shigowa. Daga nan maza sun tafi ci-rani, wasu Kano da Katsina da Legas, wasu Libiya da Aljeriya, gida ya koma hannun mace tana auna tiya da lissafi. A irin wannan lokaci dala hamsin kuɗin gishiri da daddawa ce.

Ga kuma abin da ba na jin masu tsara puroje suna lura da shi sosai. An zaɓi ɗiyar gari ne don ta san yaran, ta san iyayensu, ba za ta gudu birni ranar Alhamis ba. Gaskiya ne. Amma wannan zama ɗiyar gari shi ke ɗaure mata baki. Wanda ake bi bashin wata uku ƙanen mahaifinta ne, ko yayan mijinta, ko maƙwabcin da ya yi mata huɗuba ranar sunanta. Ta yaya za ta tsaya gabansa ta ce, "Baba, kuɗin lakwal fa?" Kunya ba za ta bari ba. Baƙon malamin lakwal, wanda ake kira mushe, da gwamnati ta turo yana iya kai ƙara ko ya shiga yajin aiki da ƴan'uwansa. Ita sai dai ta yi shiru, ta fara makara, ta koma suyar ƙuli-ƙulin da ke kawo mata kuɗi a hannu, ran nan a wayi gari ba ta zo ba. Ba wanda ya kore ta, ba ta kuma ce ta bari ba.

Duk lokacin da na ji an ce mutanen ƙauye ba sa iya riƙe malami, sai in tuna malamin allo. Ba puroje ya kawo shi ba, ga shi kuma ɗaruruwan shekaru yana nan. Kuɗin Laraba, damin hatsi da kaka, sadakar sauka, yara su taya shi noma. Ba ina daidaita karatun Alƙur'ani da na jardan ba ne, matsayinsu a zuciyar iyaye daban ne, kuma hakan ya dace. Tsarin biyan nake so a duba. Ana biyan malam da abin da ake da shi, a lokacin da ake da shi, kuma kowa ya ɗauki biyan a matsayin nauyin da ke kansa. Jardan kuwa an ɗora masa tsarin ma'aikacin gwamnati, tsabar kuɗi a ƙarshen kowane wata, a garin da kuɗi ke zuwa sau ɗaya a shekara. Me zai hana a tara hatsi da kaka, kowane gida gwargwadon ƙarfinsa, kwamiti ya ajiye, a riƙa ba ta wata-wata, ko a sayar da bazara lokacin da tiya ta yi tsada? A haka mai karɓa shi ne kwamiti, ita ta huta da roƙo.

Akwai kuma wata taska da muke da ita a gida. A jihar nan aka haifi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da tallafin ƙungiyar agaji ta CARE, kuma daga nan tsarin asusun ya bazu ƙasashe da dama na Afirka. Abin da ya raya su shi ne kuɗin na matan ne, doka tasu ce, tara tasu ce. Uwaye su suka fi kowa cin amfanin jardan, su suka san ranar da Madam ta zo da ranar da ba ta zo ba, amma a garuruwa da yawa maza ke zama su yanke maganar kuɗinsa. Ga ƙungiyoyin uwayen ɗalibai a jikin makarantu, ga asusun mata a unguwa. In aka danƙa musu riƙon kuɗin sabulun nan, ina ganin ya fi tsira.

Ko an biya ta, akwai tafiyar da ba ta da makawa. Ta haihu, sai ta yi arba'in, aji a rufe tunda ita kaɗai ce. Mijinta ya koma Tasawa ko Jibiya, ta bi shi. In kuma ta ƙware, jardan mai zaman kansa a birni ya ɗauke ta, ko wani puroje mai biyan da ya fi. Saboda haka aji mai malama ɗaya aro ne. Ya kamata tun farko a ɗauki biyu a horar da su tare, babba da mataimakiya, ko da hakan na nufin a rage yawan garuruwan da za a buɗe. Inda gwamnati ta turo malamar kwantiragi ma ba a gama ba, domin ranar da CE1 ko CM1, wato aji uku ko aji biyar, ya rasa malami, daraktan lakwal ita zai fara janyewa, yana ganin ƙananan za su iya jira.

Sai horo. Yawanci mako ɗaya ne ko biyu a babban garin gunduma, a zaure mai fanka, da abinci da kuɗin zama. Ƙwararru a Yamai sun horar da na jiha, na jiha sun horar da sufetoci da masu ba malamai shawara, su kuma sun horar da Madam. Kamar ruwan da ake miƙawa daga tafin hannu zuwa tafin hannu ne, kafin ya kai baki saura laima. Sau da yawa da Faransanci ake bayani, takardun ma da Faransanci, ga macen da rabonta da shi tun barinta kwaleji shekara goma da suka wuce. Ba za ta ce ba ta gane ba a gaban manya. Ta karɓi kundi mai kauri ta koma gida.

Ranar Litinin da safe, ga yara sun zuba mata ido, me za ta yi? Abin da ta ga mushenta yana yi lokacin da take ƙarama. Ta faɗa su maimaita, ta rubuta baƙi a allo su yi ta rerawa, ga tsumagiya a gefe. Sai jardan ya koma ƙaramin CI, yaro ɗan shekara huɗu ya koyi zama shiru da tsoro kafin ya koyi komai. Iyaye ma hakan suke so. Uba yana jin daɗi yaro ya dawo yana cewa an, de, turwa. In ya ce yau wasa muka yi da tsakuwa, sai uban ya ce, "Wasa na tura ka? Ai akwai tsakuwa a gida."

Alhali a wannan shekarun wasan shi ne karatun. Yaron da ke ware ƙwallon goruba manya da ƙanana, yana jera kara daga gajere zuwa dogo, yana raba tsakuwa goma tsakanin abokai biyu, lissafi yake yi. Wanda ke zana da yatsa a rairayi yana shirya hannunsa ne don alli. Wanda aka ba tatsuniya aka ce ya maimaita ta, me Gizo ya fara yi, me Ƙoƙi ta ce masa, daga nan sai me, yana koyon jera zance, wanda shi ne ginshiƙin fahimtar rubutu. Kacici-kacici, waƙar gaɗa, wasan karya harshe, duk suna wasa kunnen yaro ya riƙa bambance sautuka, kuma wanda ya iya jin bambancin ka da ƙa a harshensa ba ya shan wahalar haɗa baƙi da wasali daga baya, ko a wane harshe. Abin da ke ba ni takaici shi ne Madam ta san duk waɗannan, a cikinsu ta tashi. Horon da ya dace shi ne wanda zai nuna mata cewa abin da ke hannunta ilimi ne, ya koya mata yadda za ta tsara shi daga Litinin zuwa Juma'a. A maimakon haka sai a kawo kayan wasan roba daga waje, su karye cikin wata biyu, ko darakta ya kulle su don kada masu bincike su zo su tarar ba su cika ba.

Maganar harshe ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Tun shekarun 1970 Nijar ke da makarantun gwaji masu fara koyarwa da harsunan gida, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Babu sauran dalilin horar da malamar ƙauyen Mayayi ko Agye da harshen da ba ta mafarki da shi. Sai dai a kiyaye: a arewacin jihar, wajen Dakwaro da Barmo, akwai yaran da Fulatanci ko Tamajak suka tashi da shi, kuma su ma harshen uwarsu ya kamata su tarar a bakin Madam.

Abin da ke canja aikin malami da gaske shi ne wani ya zo ajinsa, ya zauna ya gani, su tattauna bayan an tashi, ya kuma dawo wata mai zuwa. Wani bincike da aka yi a azuzuwan share fage na yankin Akara a Ghana daga 2015 ya nuna horon da aka haɗa da irin wannan ziyara ya gyara koyarwa, ya kuma rage barin aiki. A wannan binciken dai, inda aka ƙara da tarukan wayar da kan iyaye, ribar da yara suka samu raguwa ta yi. A fahimtata wannan gargaɗi ne gare mu: tara iyaye a yi musu lacca ba ya isa, sai sun ga da idonsu abin da wasan ke haifarwa. A nan gida, mai ba malamai shawara yana da makarantu da yawa a wuyansa, babur ɗaya, man kuma puroje ke zubawa. Ranar da puroje ya tashi, ziyara ta tsaya. Ga tarukan CAPED da malaman firamare ke yi don ƙara wa juna sani, amma Madam, da yake ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, a wurare da dama ba a lissafa ta. Shigar da ita ba ya cin wani kuɗi mai yawa. Kada kuma a ɗora mata laifin rauni ita kaɗai. A 2017, da ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa malaman kwantiragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki, su da suke karɓar kuɗin gwamnati.

Kowace Madam da ta tafi, da horonta take tafiya. Wadda ta gaje ta daga sifili za ta fara, sau da yawa ba horon ma, tunda kasafinsa ya ƙare a shekarar farko.

Rubuta yara kuwa shi ne mafi sauƙi, kuma sauƙin nasa shi ne tarkon. Uwar da ke da surfe da daka da ɗiban ruwa da itace da ƴar sana'arta, in aka ce ga inda za a riƙe mata yaro daga safe zuwa hantsi ko azahar, ba sai an roƙe ta ba. Za ta turo na shekara biyar, ta haɗa masa da na uku, wani lokaci da na biyu. Da yawa ba su da takardar haihuwa, sai a koma ga tsohuwar dabara, yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Wa zai mayar da ɗan liman ko jikan mai gari? Puroje na son adadi ya hau, don da shi zai nuna wa masu ba da kuɗi. Kwamiti na son ya hau, don kowane yaro dala hamsin ne. Ita kanta Madam, in kuɗinta ya dogara da yawan kai, ba za ta ce ya isa ba. Kowa na da dalilin buɗe ƙofa, babu mai dalilin rufewa. Ajin da aka tsara wa yara talatin ko arba'in sai ya ninka, daga mai rarrafe zuwa wanda ya isa CI, kuma mace ɗaya a cikin wannan taro raba faɗa da share hawaye da kai yara bayan gida kawai za su cinye mata yini. Gajiyar nan, a kan kuɗin sabulun da ba ya zuwa, ita ke kai ta ƙofa.

Duk da cikar, waɗanda suka fi buƙata suna waje. Ɗan gidan da dala hamsin ta gagara, yaran tunga da ruga da ƙafarsu ba za ta kai ba, mai lalurar ji ko gani ko tafiya, yarinyar da aka ɗora wa talla. A jihar da binciken abinci ya sha nuna fiye da rabin ƙananan yara sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kofin kunu da hantsi yana iya riƙe yara a aji fiye da kowace faɗakarwa, kuma yana cikin abin da ke raba tabarmar Oktoba da ta Afrilu. A kudu, wajen Gidan Rumji da Madarumfa, ga matsalar ƴan bindiga, ga ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka fara kwararowa a 2019, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari. Uwar da ke kwana da fargaba ba za ta tura ɗan shekara huɗu nesa da idonta ba. Sannan in lokacin jardan ya ci karo da na makarantar allo, an san wanda uba zai zaɓa. Zama ɗaya da malam da liman kafin a buɗe yakan warware wannan.

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa abin ba ya aiki. Yana yi. A lardin Gaza na Mozambik, inda Save the Children ta buɗe irin waɗannan azuzuwa da malamai ƴan gari daga 2008, binciken Bankin Duniya ya samu shigar yaran firamare ta ƙaru da kashi 24 cikin 100, yayyensu ma sun fi zuwa makaranta, masu rainonsu sun fi samun damar yin aiki. Wannan na yayyen ya taɓa ni, domin na san ƴan mata nawa ne a garuruwanmu goyon ƙane ya hana su lakwal. Amma can ɗin ba a sallami malaman da horon mako guda ba, an ci gaba da bibiyarsu.

Akwai ranar da ba za a yi maganar ƙananan yara a Maraɗi a tsallake ta ba. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a cikin birni, yara sama da 20 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. Watanni bakwai kafin nan irin haka ta faru a Yamai, yara 20 suka tafi. Allah ya sa masu ceto ne. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana ajiye yaran share fage a azuzuwan zana a faɗin ƙasa, kuma daidai ta yi. Sai dai jardan na al'umma a kan rumfar zana aka gina lissafinsa, ita ce gudummawar da gari ke iya bayarwa cikin kwana biyu bayan girbi. Yanzu ɗaki ake buƙata, ko na laka ne, mai ƙofa wadatacciya. Duk purojen da bai sa wannan a kasafinsa ba, ko dai ya sa gari ya karya doka da rayukan ƴaƴansa, ko ajin ya mutu ba a sanar ba.

Shekarun nan sun koya mana cewa puroje na iya tashi kafin ranar da ya sa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya rufe iyakar Ɗan Isa da ke tsakaninmu da Najeriya har watan Maris 2024, sannan a farkon 2025 Amurka ta datse yawancin agajinta a duniya. Tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na kula da ilimi, amma nauyin ya riga kuɗin isowa. Duk da haka, a ganina nan maganar za ta koma. Kafin a kafa allon ƙarfe a bakin hanya, a zauna da hukumar gari da kwamiti da uwaye da sufeton ilimi a rubuta wanda zai biya Madam a shekara ta huɗu, nawa, daga wace taska. In babu amsa, gara a jinkirta buɗewa, domin garin da jardan ya mutu a hannunsa yana wuyar yarda karo na biyu. A fara da ƴan shekara biyar, shekara guda mai kyau kafin CI, wadda ita ce ma mafi ƙarancin abin da ƙasashen duniya suka sa a gaba a 2015, a ƙayyade adadi a tsaya a kai. Ƙananan a nema musu tsarin raino daban a hannun uwaye.

Ita kuma a ba ta abin hange. Wadda ta yi shekaru tana riƙe da aji da kyau, a ba ta takardar shaida da gwamnati ta sani, a buɗe mata hanyar cike karatunta har ta shiga makarantar horon malamai ta Maraɗi. Za a ce ai in ta samu haka barin ƙauyen za ta yi. Wata za ta bari, amma cikin aikin koyarwa za ta zauna, mataimakiyarta ta hau gurbinta, kuma ƴan matan garin da ke kwaleji za su ga cewa tsayawa gaban tabarmar nan yana kai mutum wani wuri.

Masu ba da kuɗi kuma, in suna son sanin gaskiyar abin da suka shuka, su daina karɓar ƙidayar Oktoba. Su aiko a ƙirga yara a tsakiyar Afrilu, ranar da ba a sanar da zuwansu ba. Su nemi sunayen matan da aka horar a shekarar farko, su bi gari-gari su ga nawa ne ke cikin aji a shekara ta uku, su tambayi kowacce watanni nawa take bin bashi.